Bakaniken da ya gyara min Fijo 504 a Agege

Jama'a motar nan Fijo 504 ce ta mahaifina, irin haɗin Kaduna, kuma wata uku tana ba ni ciwon kai. In na tsaya a gosulo sai injin ya dinga rawa yana neman mutuwa, ga wani tsiii kamar maciji a ƙarƙashin bonet. Wani ya ce kafireta ce, wani ya canja min fulogi, kuɗi dai sun tafi a banza.

Wani abokina ya kai ni gun wani dattijon bakanike a Agege, Bayarabe ne amma Hausa a bakinsa kamar ɗan Kano. Yana buɗe bonet ya kasa kunne ya ce Alhaji iska ce ke shiga. Ashe ɗan siririn bututun da ya taso daga kafireta zuwa distirbuta, mai raba wa fulogi wuta, ne ya tsage, shi ke ja da taimin, wato lokacin da fulogi ke ba da wuta, in ka taka totur. Ya aiki yaronsa kasuwar kayan mota ta Ladipo ya sayo bututun ƙarfe, abin da ya burge ni sai da ya cika shi da busasshen yashi ya toshe baki biyu kafin ya lanƙwasa a jikin wata tsohuwar kwalba a hankali, wai kar ya lotse. Ya hure yashin tas, ya sa guntun tiyon roba a kowane baki.

Silo, wato aikin injin in mota na tsaye, ya zauna lafiya lau yanzu. Matsalar bakaniken ɗaya jira, na je tara na safe sai bayan la'asar na bar garejin, ko benci babu. Kuɗin aiki kam bai tsawwala ba.