Makarantar yaron da farfaɗiya ta taɓa wa magana: Ingila da gida

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ga bayanin yadda ake nema wa ƙaramin yaro makaranta a nan Ingila idan farfaɗiya ta taɓa masa magana, don masu shirin tahowa da iyali, da masu fama da irin wannan lalura a gida.

Akwai nau'in farfaɗiya da ake kira Landau-Kleffner, da sunan masana biyu na Amurka da suka bayyana shi a 1957. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 7, bakinsa ya buɗe yana ta surutu, sai a ga ana kiransa ba ya waiwayowa, a aike shi ya tsaya yana kallo, daga baya kalmomin bakinsa su soma zubewa. Kunnensa lafiya lau, ƙwaƙwalwa ce ta daina gane abin da kunne ya kawo mata. Wasu yaran ba a taɓa ganin sun faɗi ba, domin hargitsin ya fi tashi cikin barci. Shi ya sa gwajin EEG, na auna motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, da aka yi wa yaro ido biyu zai iya fitowa ba matsala. A nemi na barci. A gida akan ce kurumta ce, ko taurin kai, ko iska. A nan kuma kuskuren da ake yi wa 'ya'yan baƙi shi ne malama ta ce ai Turanci ne bai kama ba, a ba shi lokaci. Iyaye su faɗa ɓaro-ɓaro cewa Hausar ma ta zube, su nuna bidiyonsa na da yana magana da na yanzu. Kuma kada a daina yi masa Hausa a gida.

Yaro yana shiga ajin farko a watan Satumba bayan ya cika shekara 4, ana rufe karɓar takardar nema ranar 15 ga Janairun shekarar da zai shiga. Amma takardar da ta fi komai nauyi ita ce EHCP, wato tsarin ilimi da lafiya da kulawar yaro mai buƙata ta musamman, wadda dokar 2014 ta kawo. Ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, kuma uba ko uwa na iya nema da kansu, ba sai makaranta ta yarda ba. Hukuma na da mako 6 ta ce za ta auna yaron ko a'a, mako 20 kuma ta kammala komai. Idan daftari ya fito, iyaye na da kwana 15 su yi gyara su ambaci makarantar da suke so. A zahiri hukumomi da yawa suna zarce mako 20 ɗin, layin ganin masu gyaran magana na NHS, hukumar lafiya ta gwamnati, kuma na iya cin watanni. A fara shekara guda kafin lokacin shiga.

Inda ake cutuwa shi ne sashen F na EHCP, wurin rubuta taimakon da za a ba yaro. Idan aka rubuta cewa zai riƙa samun taimakon magana a kai a kai, ba a ce komai ba. A dage sai an sa adadi: minti nawa, sau nawa a mako, wa zai yi, shi kaɗai ko cikin rukuni. Abin da aka ƙayyade ne doka ke tilasta wa hukuma. In ta ƙi, ana ɗaukaka ƙara kotun SEND, mai sauraron ƙararrakin ilimin yara masu buƙata ta musamman, cikin wata 2, ba a biyan kuɗin shigarwa. Masu bizar da ta hana cin tallafin gwamnati su sani karatun yaro ba ya cikin abin da aka hana.

Makarantu iri uku ne. Akwai ta kowa da kowa, aji ba ya wuce yara 30 a shekarun farko, da malami guda mai kula da masu buƙata ta musamman, ana ce masa SENCO. Akwai ta kowa da kowa mai ɗauke da sashen koyar da magana, yara kaɗan, mai gyaran magana na nan tare da su, ana haɗawa da hotuna da alamun hannu na Makaton. Sai makarantu na musamman, kamar St Piers da ke Lingfield ta masu farfaɗiya, da Moor House ta masu matsalar harshe. A ganina ta biyun ce ta fi dacewa da mafi yawan waɗannan yara, don basirarsu na nan, maganar ce ke tafiya tana dawowa. Sai dai gurabenta kaɗan ne. In an je duba makaranta a saurari hayaniyar ajin, domin surutu ne babban abokin gabar wannan yaro. A tambaya malamai nawa aka koya wa ba da midazolam, maganin da ake zubawa tsakanin kunci da dasashi idan faɗuwa ta kai minti 5, kuma wa zai bayar ranar da ɗaya bai zo ba.

Magani kyauta ne a nan ga yaro ƙasa da shekara 16. A gida da kuɗinka za ka saya, wani watan ma ka rasa irin wanda aka saba, ga fenobabiton mai araha yana sa wasu yara barci ko rigima a aji. Kabamazafin kuwa, wani maganin farfaɗiyar, na iya tsananta wannan nau'in, don haka a koma wa likitan ƙwaƙwalwar yara a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, a roƙi gwajin barci. Amma gida ya fi nan da abu guda: yaro na cikin kakanni da gwaggonni da sa'o'insa, ana yi masa magana daga safe har dare. A nan yini guda sai ya wuce bai ga kowa ba sai uwarsa.

Ba a samun EHCP a gida, amma takarda shafi ɗaya na iya ɗaukar rabin aikinta. A rubuta sunan magani da lokacin sha, yadda faɗuwarsa take, da lambar waya biyu, a ba hedimasta da malamin aji da malamin Islamiyya. A rubuta cewa a zaunar da shi gaba, a kalle shi a faɗi abu ɗaya gajere, a nuna da hannu, kada a dake shi don bai amsa ba. In ya faɗi a kwantar da shi ta gefe, a duba agogo, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa, kuma yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. In ya haura minti 5, a wuce asibiti kai tsaye.