Rabin awar da ta kai ni GitHub

A shagonmu na gyaran waya a Shara Mansur, nan Makka, na saba saka wa dattawa wata ƙaramar manhajar lokutan salla. Ba ta da talla, ba ta neman intanet, kuma lambobin da aka gina ta da su a buɗe suke ga kowa. Rana ta biyu ga azumi wani dattijo ya shigo riƙe da wayarsa, ya ce, "Ɗana, abin nan naka ya kira lisha ina tsakiyar shan shayi, Harami ko motsi ba a yi ba."

Da gaskiyarsa. A lissafin Ummul Ƙura, wanda Saudiyya ke bi wajen lokutan salla, lisha tana shiga minti 90 bayan magariba, amma a Ramadan minti 120 ne. Ita manhajar ta tsaya a kan 90. Abin ya dame ni, domin ni na saka musu, kuma maganar salla ce.

Masu manhajar a GitHub suke ajiye aikinsu, wani dandalin intanet na masu gina manhajoji da Microsoft ya saya a 2018. Buɗe asusu kyauta ne. Na fara duba ko wani ya riga ni kai ƙorafin, ban samu ba, sai na cike fom ɗinsu: irin wayata, sigar manhajar, abin da na gani da abin da ya kamata in gani. Na haɗa da hoton allon wayar da na jadawalin masallacin unguwarmu.

Bayan kwana uku mai kula da aikin ya amsa, ya ce ba a Saudiyya yake ba, ko zan gwada gyarawa? Na kwafi aikin zuwa asusuna, na canja layi kaɗan, na tura. Ya dawo mini da shi, kuma nan ne dandalin ya burge ni: a ƙarƙashin ainihin layin da na yi kuskure ya rubuta bayaninsa. Ashe na manta cewa daren watan yana farawa ne daga faɗuwar rana, don haka gyarana zai tsallake daren tarawihin farko. Na sake, ya karɓa, sunana ya shiga tarihin aikin.

Mai son gwadawa ya sani, kusan duk hirar da Turanci ake yi, ni ma sai da ƙanena ya duba mini rubutun. Kuma masu aikin 'yan sa-kai ne, sai da haƙuri. Sabuwar sigar ba ta fito ba sai bayan ƙaramar salla.

Da dattijon ya dawo canja batir na sabunta masa, na ce, "Baba, azumin baɗi in Allah ya kai mu za ta kira daidai." Ya ce Allah ya yi albarka, ya kuma ce zai turo mini wayar maƙwabcinsa.