Waya ko kyamara ta hannu: wacce ta dace da mai yawon ƙafa a cikin birni?

Assalamu alaikum. Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce ya fara fita yawon ƙafa ranar Asabar da safe a cikin birnin Kano, yana ɗan ɗaukar hoto don nishaɗi, ba don sana'a ba. Ya tara 'yan kuɗi, yana tambaya: ya canza waya ya sayi mai kyamara mai kyau, ko ya nemi kyamara ta hannu, irin Canon da Nikon ɗin da masu hoton biki ke ratayawa a wuya?

To Malam, kafin ka nufi kasuwar waya ta Farm Centre ko ka fara cigiyar mai sayar da tsohuwar kyamara, ka tambayi kanka abu ɗaya. Abin da kake sha'awar ɗauka, yana kusa ne har za ka iya yi masa sallama ya amsa, ko yana can nesa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya? A nan waya da kyamara suka raba gari.

Mai shago zai fara cika ka da maganar megafiksel, wato yawan miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Zai ce wannan wayar 50 ce, waccan 108, alhali Canon 600D da ta fito a 2011 tana da 18 kacal, Nikon D3200 ta 2012 kuma 24. Kada lambar ta ruɗe ka. Abin da ke tara haske a ciki shi ne sensa, kuma girmanta ne abin dubawa. Ta Canon ɗin nan milimita 22.3 ce da 14.9. Ta wayoyi da yawa masu matsakaicin kuɗi kuwa kusan 6.4 ce da 4.8. Idan ka buga lissafi za ka ga ninki goma har da ɗoriya. Kamar wanda ya tari ruwan sama da baho ne da wanda ya tara da kofi. Shi ya sa wayar da aka rubuta mata 50, in ka duba hoton da ta ajiye maka, sau da yawa 12 da 'yan kai za ka gani. Ɗigo huɗu take haɗawa su zama ɗaya don hasken ya ishe ta.

Sai dai ita waya abin da ta rasa a girma tana cike shi da wayo. Latsi ɗaya za ka yi, amma ita hotuna da yawa take ɗauka a jere cikin ƙiftawar ido, wani mai haske wani mai duhu, ta gauraya su ta miƙo maka guda. Ka shiga Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ka bi layin dukawa da hantsi. Lungun da duhu-duhu, rana na ratsowa ta tsakanin rumfuna tana faɗawa kan jar fata da jakunkunan da aka rataye. Waya za ta fito maka da fuskar baduku da ke cikin inuwa, ta kuma riƙe launin fatar da rana ke duka, ba tare da ka taɓa komai ba. Tsohuwar kyamara a hannun sabon shiga ɗaya za ta zaɓa: ko fuskar ta yi baƙi ƙirin, ko wurin da rana ta taɓa ya yi fari fat. Ana iya ceto hoton idan an ɗauke shi a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, aka zauna aka gyara, amma wannan wani karatu ne na daban, kuma ba kowa ne ke son ya dawo daga yawo ya sake zama gaban kwamfuta ba.

Yanzu ka ƙarasa marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Nan ne wurin da nake so ka gwada su biyun idan ka samu aron kyamara, domin a tsakar gida ɗaya za ka ga inda kowacce take cin kasuwa. A fili, marini na zaune bakin rami, ya tsoma zane cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi yana ɗiga. Zanen zai fito da ɗan kore-kore, sai iska ta buge shi ya riƙa juyawa zuwa shuɗi kana kallo. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, a hankali, ba gaggawa. Wannan aikin waya ne. Lens ɗinta, wato gilashin da haske ke shiga ta cikinsa, mai faɗi ne, sai ka durƙusa kusa da shi, ka haɗa hannunsa da kumfar da ke saman ruwan da jerin ramukan da ke bayansa a hoto ɗaya, kuna ma taɓa hira. Abu ɗaya kawai: ka shiga saitin ka kashe gyaran fuskar nan da wayoyi ke zuwa da shi a kunne. Su Tecno sun yi suna wajen fito da baƙar fata da kyau, ba musu, amma in ka bar musu linzami sai su goge tamojin dattijo su mayar da shi ɗan shekara ashirin, alhali tamojin ne hoton.

Daga nan ka leƙa ɗakin masu bugu. Suna zaune gaban gungume, an shimfiɗa shadda a kai, gudumar itace na sauka tana tashi har sai kayan sun yi sheƙi. Ɗakin ba haske sosai, hannaye kuma ba sa tsayawa. A nan wayon waya ke ƙarewa. Tunda hotuna da yawa take haɗawa, guduma a kowanne tana wuri daban, sai ka ga hannu ya zama hayaƙi, ko ya fito biyu. Kyamara da lens ɗin nan mai araha na 50mm f/1.8 za ta buɗe ido sosai, ka sa mata saurin ɗauka na 1/500, wato kashi ɗaya cikin 500 na daƙiƙa, ta tsayar maka da gudumar cak a sama, abin da ke bayan mutumin ya dushe ya yi laushi, idonsa ya fito tar. Laushin bayan nan na gaske ne, daga gilashi yake. Wanda waya ke yi na kwaikwayo ne, shi ya sa takan gutsire gefen hula ko ta cinye jelar rawani.

Maganar da ta fi duk wannan nauyi ga mai yawon ƙafa ita ce yadda mutane za su karɓe ka. Kowa na da waya, ba wanda zai waiwayo don ka fito da ita. Da zarar ka rataya baƙar kyamara mai dogon baki a lungun Yakasai ko Mandawari, ka tashi daga mai wucewa. Wani zai ɗauka ɗan jarida ne, wani ma'aikacin gwamnati, wani ya ce turawa za ka sayar wa hoton ka ci kuɗi da shi. Yara za su yanyame ka suna "a ɗauke ni", dattijon da ka gani yana saƙar tabarma a natse kuma zai miƙe ya gyara hula ya ƙame, hoton da ka hango ya tafi ke nan. Ba wai ba a iya yi ba. Masu yi suna yi, amma sai sun saba da unguwa, an san su, an san ɗan gidan wane ne. Kuma ko da wacce ka fita, ƙa'idar ɗaya ce: sallama, gaisuwa, neman izini, sannan hoto. Matan mutane da zauren gidan mutane a bar su sai in su suka ce. Barikin soja da shingen jami'an tsaro kuwa, ko da wasa. In ka ɗauki mai sana'a, ka juyo masa da fuskar wayar ya gani, in da hali ka sayi ɗan abin da yake sayarwa. Wani zuwan shi zai kira ka.

Ita ma waya tana da nata haɗarin, kuma duk ɗan Kano ya san shi: ƙwace. Mai kyamara in an raba shi da ita ya yi asarar kyamara. Mai waya ya yi asarar layi da lambobin mutane da manhajar banki a lokaci guda. Saboda haka fitar safe ta fi ta bayan magariba, ku biyu ya fi kai kaɗai, kuma kada ka tsaya bakin titi kana duba hotuna. Ka ɗauka, ka mayar aljihu.

Inda kyamara ke yi wa waya fintinkau ba tare da wata gardama ba shi ne nesa. Ka ɗauki hawan Sallah, wanda UNESCO ta sa na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disamban 2024. A shekarar da aka yi Hawan Daushe, kana cikin cincirindo a Ƙofar Kudu, dogarai sun tare hanya, hakimai na sukuwa suna zuwa jahi. Ba mai barinka ka matsa. Idan ka sa yatsu biyu ka zuƙo da waya, yawanci ba zuƙowa take ba, yanko tsakiyar hoton take ta buɗa shi, sai amawali da adon sirdi su dagule su zama kamar zanen fenti. Wayoyi masu tsada suna da lens na nesa na gaske, ninki uku ko biyar, amma kuɗinsu ya isa ya saya maka kyamara da lens biyu. Da dogon lens na 55-250mm a kan Canon, ko 70-300mm a kan Nikon, daga inda kake tsaye za ka ciro fuskar ɗan lifidi, da kumfar bakin doki, da ƙurar da kofato ya tayar. Haka abin yake in tsuntsaye ne suka ɗauki hankalinka, ko shamuwa ce da ta sauka kan kuka da farkon damina, ko baƙin tsuntsayen da ke zuwa fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai lokacin sanyi. Da waya ɗigo kawai za ka kawo gida.

A kan Dutsen Dala kuwa kunnen doki suke yi. Faɗin gari, rufin kwano, Goron Dutse can gefe, duk waya za ta kwashe. In kana son ka ciro hasumiyar Babban Masallaci ita kaɗai daga cikin gidaje, sai dogon lens. Amma ko wacce ka riƙe, lokaci ne ke yanke hukunci. Cikin hunturu hazo na shafe nesa, da tsakar rana komai fari yake fitowa. Ka hau da sassafe, ko ka jira washegarin ruwan sama, lokacin da iska ta wanke.

Tunda an ambaci hunturu, ƙura abokiyar gabar kyamara ce. Waya a rufe take ruf, gefen riga ya ishe ka goge ta. Kyamara duk sanda ka cire lens a waje ƙura na shiga ta zauna kan sensa, daga nan kowane hoton sama sai ka ga ɗige-ɗige a wuri ɗaya. Ka saba canza lens a cikin ɗaki ko cikin mota, bakin kyamarar na kallon ƙasa. A wajen batir kuma kyamara ce gaba. D3200 an ƙiyasta mata hoto 540 a caji ɗaya, 600D kuma 440, ga shi ba ta shan caji in tana rataye. Waya kuwa zafin Afrilu kaɗai ya isa ya sa ta gargaɗe ka ta rufe kyamara da kanta. Nauyi ma abin lissafi ne ga mai tafiya a ƙasa: waɗannan kyamarorin sun haura rabin kilo tun kafin a ɗaura musu lens, waya kuwa kusan giram 200 ce. Sannan kyamarorin nan biyu ba su zo da Wi-Fi a ciki ba, sai ka nemi ɗan abin karanta memori da ake soka wa waya. In za ka turo mana hoto ta WhatsApp, ka turo shi a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse shi, wahalar da ka sha ta tafi a banza.

Ni dai ga yawon da ka kwatanta, na lungu da kasuwa da bakin ganuwa, waya na zaɓa maka. In ma wadda ke hannunka ba ta wuce shekara uku ko huɗu ba, kada ka canza ta tukuna. Ka kunna layukan nan da ke raba fuska gida tara, ka daina zuƙowa da yatsa ka riƙa matsawa da ƙafa, ka sauke Snapseed, kyauta ne, ka koyi rage haske da ƙara shi. Ka yi wata biyu ko uku a haka kana lura da hotunan da suka kuɓuce maka. Idan ka ga duk na nesa ne, ko na abu mai gudu, ko na ɗaki mai duhu, to lokacin kyamara ya yi, kuma za ka shiga kasuwa ka san lens ɗin da kake nema.

In ranar ta zo, kada ka biya sai ka gwada. Ka je da memorinka. Ka sa kyamarar a f/22, wato ka tsuke idon lens ɗin sosai, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, ka buɗa hoton ka nemi tabo. Ka cire lens ka haska shi da fitilar waya ta baya. Idan ka ga wani abu kamar yanar gizo a cikin gilashin, fumfuna ce, an fi samunta a kayan da suka daɗe a wuri mai laima, ka ajiye wa mai shi abinsa. Ka tambayi yawan latsin da ta yi, domin D3200 an gwada ta ne a kan latsi 100,000, kuma wadda ta fito daga hannun mai hoton biki tana iya kusantar haka ko da jikinta na ƙyalli. Ka tabbata cajarta ta asali ce. Kuma in kuɗin ba za su kai jikin kyamara mai tsada da lens mai kyau a tare ba, ka sayi jiki mai araha ka zuba ragowar a lens.