Mota ta fara misin kwatsam: fulogi za ka saya, koyil ko nozul?

Idan tsohuwar mota ta kama karkarwa ba zato, ƙarfinta ya ragu, salansa na tari, galibi silinda ɗaya ce ta daina ƙona mai. Matsalar ba ta wuce wuta, mai, ko matsin silinda. Masu mota a Birnin Kebbi da Jega da Argungu sun fi yin asara wajen sayen kaya kafin a gano wanne ne daga ciki.

Abin da muke ba da shawarar a fara mallaka shi ne ƙaramar na'urar karanta laifin mota, irin ELM327 da ake haɗawa da waya. Lambar P0301 tana nufin silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ta huɗu. P0300 kuwa misin ne mai yawo, wanda ya fi nuna mai ko iska. Sai dai a kula: motocin Amurka sun fara zuwa da tsarin OBD2, wanda na'urar ke iya karantawa, daga 1996, na Turai masu fetur daga 2001. Mai Golf 3 ta Turai zai iya sayen na'urar ta ƙi karanta komai.

Fulogi ne mafi araha, kuma shi aka fi kamawa da laifi. Na jan ƙarfe yana yin kimanin kilomita 30,000, na iridium yana iya kaiwa 100,000. Motar da ke da distiributa da wayoyi, kamar Golf 3, na jan ƙarfe ya ishe ta, ƙarin kuɗin iridium ba zai ƙara mata gudu ba. Corolla ta 2003 ta Amurka kuwa da iridium aka yi ta, Denso SK16R11, mai tazarar milimita 1.1. A iridium ɗin ne jabu ya fi yawa. Bakin iridium na gaskiya siriri ne kamar tsinin allura. Idan ka ga mai kauri a kwalin iridium, ko rubutun jikinsa na gogewa da yatsa, ajiye shi. Mu a wurinmu gara NGK na jan ƙarfe na asali da iridium na bogi. A canza duka huɗun tare, kuma sai inji ya huce, don kan injin alminiyom ne, zarensa na saurin lalacewa da zafi.

Koyil kuwa, wato abin da ke ba fulogi wuta, kada ka saya sai an gwada. A motar da kowace silinda ke da nata, idan misali P0302 ce ta fito, bakanike ya musanya na silinda ta biyu da na ta uku, a share lambar, a tada mota. Idan laifin ya koma P0303, koyil ɗin ne, kuma guda ɗaya za ka saya, ba saiti ba. Tsakanin sabo mai araha marar suna da na Beljiyam na asali, mun fi yarda da na Beljiyam, in dai mai kaya ya amince a gwada a kan mota, kuma babu tsagewa a jikinsa. Marasa suna kan yi aiki da safe, su mutu idan inji ya ɗau zafin watan Afrilu. A leƙa ramin fulogi ma. Idan akwai baƙin mai a ciki, robar murfin saman inji ce ta saki, kuma za ta cinye sabon koyil ɗin idan ba a canza ta ba.

Nozul, mai fesa fetur cikin inji, ya zo daga baya. Misin da ya fara jim kaɗan bayan shan man bumburutu a hanya, a fara zargin ruwa ko datti a tanki: a juye man, a sa sabuwar filta, a wanke nozul. Sayen wani sai wanki ya gaza.

Idan fitilar inji tana ƙyaftawa maimakon ta tsaya cak, a rage tafiya, domin ɗanyen fetur na shiga salansa yana ƙona katalis, wato abin da ke tace hayaƙi. Idan kuma an canza fulogi, an gwada koyil, misin na nan a silinda guda, a auna matsin silinda kafin a ƙara kashe ko sisi. Wadda ta gaza sauran da fiye da kashi 15 cikin ɗari tana nuna bawul ko zobe. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, ga ruwan lagireto na raguwa, ga farin hayaƙi, gasket ɗin kan inji ne.