Sitiyarin tseren Formula 1 na gida: wanne ya dace da mai saye a Kano?

Duk wanda ya saba buga wasan Formula 1 da hannun PlayStation, sannan wata rana ya zauna gaban sitiyari da birki da totur, ya san tazarar da ke tsakaninsu ba ƙarama ba ce. Direbobin gasar ma ba su raina wannan kayan ba: Max Verstappen, wanda ya ci kambin duniya sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, yana tseren kwamfuta a gidansa da gaske, kuma a 2020 da annobar korona ta tsayar da gasar, Charles Leclerc da George Russell da Lando Norris sun ci gaba da fafatawa daga ɗakunansu ta intanet. Matsalar mai saye a Kano ita ce kayan suna da tsada, babu wurin gyaransu a kusa, kuma kuskure ɗaya yana iya cinye kuɗin da aka yi watanni ana tarawa.

Kafin maganar inganci, a fara duba na'urar da ke gida, domin a nan mutane suka fi yin asara. Logitech G29 yana aiki da PlayStation da kwamfuta, ɗan'uwansa G920 kuma da Xbox da kwamfuta. Siffarsu kusan ɗaya ce, shi ya sa ake sayen wanda bai dace ba ba tare da an lura ba. Haka kuma wasan F1 24 shi ne na ƙarshe da ya fito a PS4, domin F1 25 sai PS5 ko sabon Xbox ko kwamfuta. Mai PS4 da ke son sabon wasan zai fi kyau ya fara tara kuɗin na'urar, sitiyari ya biyo baya.

Abin da ya raba waɗannan sitiyari gida uku shi ne yadda injin lantarkin da ke ciki yake isar da turjiya zuwa hannun direba. Wannan turjiyar ce take sanar da mutum cewa tayar baya ta fara zamewa, ko ta gaba ta hau gefen titi, tun kafin ido ya gani a allo. A kashi na farko, G29, wanda ya fito a 2015, da magajinsa G923 na 2020, suna amfani da haƙoran giya, saboda haka suna da ƙara da 'yar kakkarwa, kuma turjiyarsu ba ta da laushi. Sai dai suna da juriya sosai, suna zuwa da birki da totur da kuloci a kwali ɗaya, kuma su ne aka fi samu na hannu, wanda ke nufin in wani abu ya lalace ana iya samun na cirewa. A kashi na biyu, Thrustmaster T300 RS yana amfani da bel, don haka ya fi santsi da shiru, kuma ana iya cire kan sitiyarin a sa wani. Rauninsa sananne ne: idan ya ɗauki zafi bayan doguwar tuƙi, ƙarfin turjiyarsa yana raguwa duk da fankar da ke cikinsa. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 tsakanin Maris da Mayu, wannan ba abin da za a kau da kai a kansa ba ne, musamman ga mai ɗakin da ba na'urar sanyaya iska.

Kashi na uku shi ne wanda aka ɗora sitiyarin kai tsaye a kan sandar injin, babu giya babu bel a tsakani. Fanatec CSL DD, da ya fito a 2021, shi ne ya sauko da farashin wannan fasaha zuwa inda mai matsakaicin ƙarfi zai iya tunaninta. Yana ba da ƙarfin juyi na Nm 5, ko 8 idan an ƙara masa babbar cajar wuta. Moza R5 yana ba da 5.5, amma na kwamfuta ne. Babu shakka waɗannan sun fi sauran isar da abin da taya ke yi a kan kwalta. Amma a kula da lissafi, domin sau da yawa farashin da ake gani a intanet na injin ne kawai, kan sitiyari da birki kowanne da nasa kuɗin, ga kuɗin jirgi da na kwastan, kuma mai PlayStation sai ya nemi samfurin Gran Turismo DD Pro, tun da CSL DD na asali ba ya aiki da ita.

A ganina, inda ya fi cancanta a kashe kuɗi shi ne birki, kuma shi ne abin da sababbin masu saye suka fi mantawa. Direban Formula 1 yana taka birki da ƙafar hagu, da nauyin da ya haura kilo 100 a ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya, sannan ya riƙa sassautawa a hankali yayin shiga kwana. Birkin G29 nisan da ƙafa ta danna yake aunawa, alhali irin su Thrustmaster T-LCM nauyin takun suke aunawa, kuma ƙafar mutum ta fi iya tuna ƙarfin da ta sa fiye da nisan da ta tafi. Wanda ke son lokacinsa ya daidaita zagaye bayan zagaye zai fi amfana da irin wannan birkin fiye da ƙarin ƙarfin sitiyari. Akwai kuma batun ƙura: ma'aunin da ke cikin birkin Logitech na gogayya ne, kuma ƙura tana sa shi ya riƙa ba da saƙon ƙarya, yayin da totur mai ma'aunin maganaɗisu, kamar na Thrustmaster T248 ko na Fanatec, ba ya fama da haka. Da hazon hunturun Kano, ko wanne aka saya, a tanadi mayafin rufe shi.

Kada kyan siffa ya ruɗi kowa. Thrustmaster yana sayar da kwafin sitiyarin Ferrari SF1000, motar 2020, mai allo da maɓallai barkatai. Abu ne mai ban sha'awa, amma ba ya rage ko daƙiƙa ɗaya ga wanda bai iya birki ba. Motar Formula 1 giya takwas ce da ake canjawa da 'yan faifan bayan sitiyari, kuma duk waɗanda na ambata suna da su, saboda haka babu buƙatar sayen sandar giya daban.

Sauran abubuwa biyu na gida ne. Sitiyari mai ƙarfi a kan tebur mai rawa ɓarnar kuɗi ne, kuma duk mai walda da aka ba awo zai iya haɗa ƙarfen zama mai ƙarfi a farashin da bai kai na shigowa da shi daga waje ba. Wuta kuwa, a sa sitabilaiza ko a jona da inbata, kuma a karanta rubutun cajar duk kayan da ya zo daga Amurka, a tabbatar yana ɗaukar ƙarfin wuta na volt 230.

Ga mai farawa, G29 na hannu mai lafiya shi ne zaɓin da zan bayar, ragowar kuɗin kuma a ajiye don birki. Ko a Titin Beirut aka same shi ko a Farm Centre ko a hannun wani, kada a biya sai an jona shi a gaban mai sayarwa: zai juya da kansa zuwa dama da hagu ya dawo tsakiya, sannan a buɗe shafin gwaji na wasan a taka birki da totur a hankali, a ga ko layin yana hawa lami lafiya ko yana tsalle.