Shagon littattafan gwanjo na Bauchi Road da kantar can ciki

Masu tambayata inda nake samo nobel a Jos, shagon wani dattijo ne a Bauchi Road, ba nisa da ƙofar jami'a, ɗan ƙarami ne ko allo babu amma wallahi akwai kaya. Yawanci gwanjo ne, takardun sun yi ja-ja, wasu har da rubutun masu su na da a gefe.

Abin da ke mai da ni wurin kanta ɗaya ce can ciki, inda Baba ya ware labaran da ke tona abin da ke cin mutum a zuciya, damuwa, zargi, kishi, kaɗaici, kuma kusan dukkansu a garin jami'a suke faruwa. Na ce Baba me ya haɗa su haka, ya ce ɗana ai garin jami'a kowa baƙo ne, ba wanda ya san gidanku. Kuma gaskiyarsa. Yaro ya baro iyayensa an cusa shi ɗaki da mutanen da bai taɓa gani ba, ga jarrabawa ga babu ga malamin da makinsa ke hannunsa, garin kuma ƙarami, wanda kake gudu da safe a lakca shi za ka tarar wurin mai shayi da dare. To ta ina tunani ba zai yi wa mutum yawa ba? Marubuci ba sai ya ƙirƙiro aljani ba, garin kaɗai ya isa.

Abin da ya sosa min rai, kantar nan duk labaran Ingila ne da garuruwan Amurka masu ƙanƙara, na Hausa ko ɗaya babu. Alhali ga Jos! Jami'ar da ta fara a 1971 a matsayin reshen ta Ibadan ta tsaya da ƙafarta a 1975, wane irin rai ne bai ratsa ta ba? Sanyin Disamba a hostal ɗin Naraguta, ɗalibi kulle a ɗaki lokacin dokar hana fita yana jin kowane motsi a waje, laburaren da ya ƙone a 2016, yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na wata 8 a 2022 da unguwannin ɗalibai suka yi tsit. Marubutanmu don Allah ku dubi nan.

Farashi da sauƙi, Baba yana ragi kuma yana karɓar tiransifa. Sai dai akwai ƙura, in an ɗauke wuta kuma ciki duhu, ku je da rana, sannan ku duba shafukan ƙarshe kafin ku biya don wasu sun zube.