Tarihin Marquis de Sade na Maurice Lever: a saya ko a bari?

Ɗaliban adabin Faransanci a Ngawundare da Marwa kan ci karo da Sade da zarar an shiga ƙarni na 18, yawanci kuma abin da suka sani bai wuce cewa ɗan sarauta ne mai rubuta batsa ba. Littafin da Maurice Lever ya fitar a 1991 a kamfanin Fayard ya cancanci kuɗinsa. Mai neman batsa dai ya riƙe kuɗinsa, domin wannan tarihi ne da aka gina kan wasiƙu, takardun kotu da ajiyar danginsa.

Inda ya fi armashi shi ne shari'o'i. A 1768 Sade ya yaudari wata bazawara mai bara, Rose Keller, zuwa gidansa na Arcueil, ya zane ta da bulala, da kyar ta tsere ta taga. A 1772 a Marsai ya ba karuwai alewa mai haɗe da maganin tada sha'awa, suka kwanta ciwo, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, aka ƙona mutum-mutuminsa a madadinsa. Amma surukarsa, Madame de Montreuil, ita ce ta gama da shi: da takardar sarki ta sa aka kulle shi a kurkukun Vincennes a 1777. Daga can sai kurkukun Bastille, inda a 1785 ya rubuta mafi munin labaransa a kan naɗin takarda mai tsawon kusan mita 12. An ɗauke shi daga wurin saura kwana 10 a fasa kurkukun a 1789, ya bar naɗin a baya. A gidan mahaukata na Charenton ya mutu, 1814.

Aibinsa tsawo. Rigimar bashi da gonaki takan ja shafuka har mutum ya gaji, Faransancin wasiƙun kuma na dā ne, sai da ƙamus a gefe.

Wurin masu tsofaffin littattafai a buɗe tsakiyarsa a duba ɗaurin. Littafi ne mai kauri, zafi kan busar da gam ɗinsa, shafuka su riƙa zubewa. Idan hotokwafi ne, a leƙa ƙarshe, don masu injin kan tsallake bayanan tushe da jerin sunaye su rage takarda, alhali mai rubutun kammala digiri su ya fi bukata.